Filin Shawarwari: In yi wa farfelar injin jirginmu keji?

Malam,

Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye da ke bakin dam ɗin Tomas, a ƙasar Dambatta. Ni manomi ne. Da damina gero da dawa da gyaɗa, da rani kuma tumatir da albasa. Ka san yadda ƙasa ta yi mana kaɗan a nan, gona manne da gona, abin da muka gada bai isa ya riƙe gida ba. Shi ya sa ni da yayana muka karɓi hayar fili a tsallaken ruwa. Bara muka sayar da bijimin da muka turke, muka haɗa kuɗi muka sayi kwale-kwalen katako da inji na hannu mai ƙarfin doki 15. Da shi muke kai taki, mu ɗebo kwandunan tumatir, ranar Lahadi kuma mu yi fiton masu zuwa cin kasuwar Dambatta.

Ga abin da ya dame ni. Da zarar ruwa ya fara ja da baya, kututturan itatuwan da dam ya cinye sai su matso sama, ba ka ganinsu sai dai ka ji ƙarar. Cikin wata huɗu na yi asarar farfela biyu: ɗaya fiffikenta ya karye, ɗaya ta lanƙwashe har injin yana karkarwa. Sau biyu kuma na yanke ragar masunta, har gaban Sarkin Ruwa muka je, na biya. Amma duk wannan da sauƙi. A mashigarmu yara ke wanka, da sun hango jirgi sai su yo iyo su kama gefensa. Makon jiya wani ɗan yaro ya zame ya faɗa daf da injin. Allah ne ya kiyaye, giya tana firi. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Wani mai walda a garinmu ya ce abu ne mai sauƙi, zai haɗa mana keji irin na fanka da rodi da ragar waya, ya manne shi da walda a ƙafar injin. Yaya ya amince, har ya ce in an sa kejin ba sai mun riƙa kashe inji a mashiga ba, don injin yana da wuyar tashi, wani lokaci sai an ja igiya sau goma. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, amma ba na son in yi wa Yaya musu ba tare da hujja ba.

Malam, kejin nan yana aiki kuwa? In yana yi, yaya ake ƙera shi? Kuma zai kare yaran nan? Allah ya ƙara basira.

Naka,
wani manomi daga ƙasar Dambatta.

AMSA

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa, ya raya yaron nan.

Zuciyarka ta gaya maka gaskiya. A wasiƙarka akwai matsala biyu da mai walda ya haɗa su ya ba su magani ɗaya: kare farfela daga kututture da raga, da kare mutane daga farfela. Ta farko ƙarfe yana iya taimaka maka. Ta biyu ba aikin ƙarfe ba ce, aikin matuƙi ce.

Mu fara da walda. Kada ka bari a kai wuta jikin ƙafar injin nan. Ita alminiyam ce da aka zuba, rodi kuwa baƙin ƙarfe ne, waldar da ake yi wa ƙofa da taga ba ta haɗa su. Sannan a cikin wannan ƙullutun da farfela ke maƙale akwai haƙoran giya da man giya da robobin da ke hana ruwa shiga. Zafi zai ƙone robobin, ruwa ya shiga, giya ta ci kanta. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido, domin kuɗin ƙafar inji ya ninka na farfela sau da yawa. Duk abin da za a sa, da noti za a ɗaure shi, yadda za a iya kwancewa.

Na biyu, a manta da kejin fanka. Fanka iska take turawa, ruwa kuwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Ragar waya za ta tare ruwan da farfela ke buƙata, jirgi ya yi sanyi, mai ya riƙa ƙarewa, kuma kafin ka kai tsakiyar dam ta cika da kainuwa da ciyawa da leda. Abin da ke aiki a ƙananan jirage shi ne zobe: lanƙwasasshen ƙarfe mai faɗi da ya kewaye bakin fikafikan, gabansa da 'yan sanduna, bayansa a buɗe.

Ga yadda za ku yi. Kafin kowa ya taɓa farfela, a cire hulunan fulogi, a sa giya a firi. Sai a auna faɗin farfelar daga baki zuwa baki. A yawancin injuna masu doki 15, irin su Yamaha da suka fi yawa a ruwayen ƙasar nan, takan kai inci 9 da kwata, wato wajen santimita 23 da rabi, amma ka auna taka da kanka. Tsakanin bakin fiffike da zoben a bar sarari kamar santimita 2 ta kowane gefe, kaurin babban yatsa ke nan. In ya matse, ƙaramin bugu zai tura zoben ya haɗu da farfela. Cikin zoben zai kama kusan santimita 27 zuwa 28 ke nan. Kada a fara yanka ƙarfe sai an gwada da kwali ko waya mai kauri a jikin injin, an ga ya zauna.

A sami ƙarfe mai faɗi, kaurinsa milimita 3, faɗinsa santimita 3 zuwa 4. In ka shiga Kano, ka duba kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da ƙarafa. Wanda ba ya tsatsa ya fi. In bai samu ba, baƙin ƙarfe ma ya yi, a goge shi a shafa jan fentin hana tsatsa. A lanƙwasa shi yadda kaifinsa ne zai fuskanci ruwa, ba faɗinsa ba, a kuma goge duk wani kaifi da tsini.

In ka duba saman farfela za ka ga wani faifai da ya fito hagu da dama kamar fuka-fuki, aikinsa hana farfela zuƙo iska daga sama. A ƙasa kuma akwai wani tsinin da ya sauka kamar ƙayar kifi. Waɗannan su ne wuraren ɗauri guda uku. Zoben ba zai rufe ta sama ba, domin babu sarari tsakanin faifan da fiffike. Bakunansa biyu za a lanƙwasa su kwanta a jikin faifan, ɗaya hagu ɗaya dama, kowanne da noti biyu masu kaurin milimita 6, waɗanda sifana mai lamba 10 ke kwancewa. A ƙasa a yi wa zoben kunnuwa biyu da za su rungumi tsinin, noti ɗaya ya ratsa su, can kusa da ƙarshensa, nesa da ƙullutun giya. Kada a huda kusa da bakin faifan, a bar aƙalla santimita 1 da rabi, in ba haka ba zai tsage. A yanko robar tsohon tub a sa tsakanin ƙarfe da alminiyam, tana rage girgiza, tana kuma hana su cin juna. A nemi noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi.

Daga gaban zoben a walda sanduna biyu ko uku na siririn rodi, su karkata zuwa gaba kamar haƙarƙari, don su kautar da itace da igiyar raga. Duk waldar a ƙasa za a yi ta, a bar ta ta huce, sannan a ɗora. Ka kula da 'yan ramukan da ke gefen ƙafar injin, ta nan yake shan ruwan da ke sanyaya shi. Kada komai ya rufe su.

Akwai abin da mai walda ba zai so ji ba: kada ya yi zoben ya fi injin ƙarfi. Idan aka bugi kututture, dole wani abu ya ba da kai. Gara zoben ya lanƙwashe a miƙe shi da guduma, da a ce ya tsaya ƙyam bugun ya tafi ya fasa faifai ko gidan giya. Don haka ban da rodin decking.

In an gama, juya farfela da hannu ka tabbata ba ta goga ko'ina. Gwajin farko ba kaya, ba fasinja, a hankali. Ka saurari ƙara, ka dubi ɗan ruwan nan da inji ke fitarwa kamar fitsari. In ya tsaya, kashe nan take. Ka gwada kwana da ribas, domin linzamin zai sauya a hannunka. Ka kuma sa a ranka cewa gudu zai ragu, mai zai ƙaru. Bayan fita ta farko a sake ɗaure notuna, daga nan a riƙa dubawa kowace safiya.

Ko da zobe, kututture ya fi son mai gudu. Inda ruwa ya yi ƙasa ka rage wuta, ka saki makullin da ke danne injin, yadda in ya taɓa abu zai ɗago sama maimakon ya karye. Yanzu da ruwa ya ja baya, ku zauna da Sarkin Ruwa da masunta, a kafa gora ko a ɗaura jarkoki a kan kututturan da aka sani, a kuma ware hanyar jirgi da ba za a shimfiɗa raga a kanta ba. Wannan zaman zai tsare maka farfela fiye da kowane ƙarfe. Sannan tunda ka taɓa naɗo raga, ka cire farfelar ka duba bayanta. Zaren raga yakan naɗe a can ya yanke robar da ke tare ruwa. In man giya ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai makaniki. Lanƙwasasshiyar farfelar nan ma kada ka ci gaba da aiki da ita, karkarwarta na lalata sandar da take juyawa a kai.

Yanzu ga maganar yara, wadda ita ce ta hana ka barci. Injin irin naku in an buɗe masa wuta yana juyawa wajen sau 5,000 a minti ɗaya, giya ta rage shi zuwa kusan rabi. Farfela ke nan tana zagayawa kamar sau 40 a daƙiƙa ɗaya, da fikafikai uku, sara 120 ke nan a kowace daƙiƙa. Zoben da na kwatanta maka a buɗe yake ta baya, tsakanin sandunansa kuma hannun yaro zai shige. Mafi muni, ƙafa ko hannu na iya maƙalewa tsakanin zobe da fiffike. Shawarar Yaya, duk da alheri yake nufi, ita ce mafi haɗari a wasiƙarka, domin za ta sa ku saki jiki. Firi ma ba abin dogaro ba ne: farfela takan ɗan juya a firi, kuma buhu ko gwiwar fasinja na iya ture giya.

Ka'idar ɗaya ce. Da ka doso mashiga, kashe inji tun daga nesa, ka ƙarasa da gora ko filafili. In za ka tashi, ka tura jirgi ya bar wurin yara, ka waiwaya ka dubi bayanka, sannan ka ja igiya. Igiyar nan ja da ake maƙalawa a makashin inji, ka ɗaura ta a hannunka kullum, in ka faɗa ruwa injin zai mutu da kansa. In ta ɓace, sayo wata. Ku kuma roƙi Mai Unguwa da iyaye a raba wurin wanka da wurin tsayawar jirgi.

Ka lura, Yaya ba kejin yake so ba, jan igiya sau goma ne ya gaje shi. To, daga nan za ka ɓullo masa. Ka ce, "Yaya, mu fara kai injin a duba mana tashinsa." Sau da yawa sabon fulogi, wankin kafireto, da tace mai daga ruwa da datti sun isa. In injin yana tashi a ja ɗaya ko biyu, musun ya ƙare ba tare da ka ɗaga murya ba. Ku tafi tare, ya ji maganar walda daga bakin makanikin da kansa.

Tunda kuna fito ranar kasuwa, ba zan rufe ba sai na tuna maka hatsarin jirgin Bagwai. Ranar Talata 30 ga Nuwamba 2021, jirgin da ya taso daga Badau ya kife a ruwan dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya masu tafiya Maulidi. Lodi fiye da ƙima aka ɗora wa laifin. Hukumar kula da sufurin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta rigar ruwa ga kowane fasinja, ta kuma hana tafiyar dare. Ka san iyakar abin da jirginku ke ɗauka, kada kwandon tumatir ko kuɗin fiton mutum ɗaya ya sa ka wuce ta.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka ƙera zoben, da noti ba da walda ba, don farfelarka da ragar maƙwabtanka. Yaran mashiga kuwa, kashe injin ne zai kare su, da izinin Allah. Allah ya ba da sa'a, ya sa a kwashe amfani lafiya.