Darasi Na 9: Ɓera A Akurki

A Unguwa Uku da Gyaɗi-Gyaɗi, a Kano, mutane da yawa suna kiwon kaji a bayan gida. In sun girma a kai su kasuwar Tarauni. Mu ma a ƙauye muna kiwo. To, da su da mu, abokin gabanmu ɗaya ne, watau ɓera.

Mu kan ce ɓera ɓarawo ne, don yana cin dusa. Amma abin da ya ke bari ya fi abin da ya ke ɗauka muni. Da dare ya kan fito daga juji, ya shiga buhun abincin kaji, ya yi kashi a ciki. Cikin kashin nan akwai ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ɗaya sunanta Salmonela. A Amurka aka gano ta, cikin 1885.

Kaza ta ci, sau da yawa ba ta ko kwantawa. Tana kiwo, tana saka ƙwai, alhali cutar tana cikin hanjinta da bisa ɓawon ƙwan, wani lokaci har cikinsa. In mutum ya sha ɗanyen ƙwai, ko ya ci naman da bai dahu ba, tsakanin awa 6 da kwana 6 sai ciwon ciki ya taso, da zawo da zazzaɓi. Babba ya kan warke cikin mako guda. Jariri da tsoho su ne abin tsoro. Waɗansu su ce sammu ne. Ba sammu ba ne, ɓera ne.

Saboda haka mu zuba dusa cikin gwangwani mai murfi, kada mu bar tsaba ta kwana a kasko. Mu toshe ramuka da siminti, gama ƙaramin ɓera yana bi ta ƙofar da fensir zai shiga. Tarko ya fi guba, don yara da kaji ba su san guba ba. Mu share akurki, mu kai kashin nesa da madafa, ƙuda ma ɗan aike ne.

Baƙo kuwa, ko dillali ne, ya tsaya a ƙofa, takalminsa ya taka akurkin wani. Sabuwar kaza a ware ta mako 2 tukuna.

In mun taɓa kaji mu wanke hannu da sabulu. Ƙwai kuma a dafa shi har gwaiduwa ta yi tauri.