Darasi: Faso da Alwala a Lokacin Hunturu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan busar da fata, sai kaushi da faso su kama ƙafa. Mun lura wasu masallata suna tsallake dugadugai wajen alwala don gudun raɗaɗi. Wannan kuskure ne babba, domin wanke ƙafa zuwa idon sawu farilla ne, haka ma cuɗawa, kamar yadda muka karanta cikin Ahalari.

Maganin yana cikin gidajenmu. Bayan sallar isha'i a jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi kamar minti 10, a goge kaushin da dutse sannu-sannu. Sannan a shafa man kaɗe tun fata tana da laima, domin shi ke riƙe danshin. A daina yawo ba takalmi.

Game da hukunci, man da fata ta shanye ba ya hana alwala. Wanda ya daskare har ya tare ruwa kuwa, wajibi ne a gusar da shi. Idan faso ya zama raunin da ruwa ke cutarwa, a ɗaure da ƙyalle mai tsabta, a yi shafa a kansa. Mai ciwon sukari kada ya jiƙa ko ya kankare da reza, sai ya ga likita.

Jiki amana ne. Allah Ya ba mu lafiya, Ya karɓi ibadarmu, amin.