Hoton Waya Ba Ya Wari

A Kasuwar Dawanau ta Kano, tsofaffin 'yan kasuwa ba sa sayen wake da ido kaɗai. Mutum zai zura hannu can cikin buhu, ya ɗebo daga tsakiya, ya shinshina, sannan ya ciji ƙwaya ɗaya. In ta fashe ƙas, ta bushe. In ta lotse, da sauran danshi, fumfuna na tafe.

Yanzu kuwa magidanci na zaune a ofis, dillali ya turo hoto ta WhatsApp, shi kuma ya tura kuɗi. Saman buhu kawai hoton ke nunawa. Ba ya nuna garin da ƙwari suka bari a ƙasa, balle warin magani. Ba abin wasa ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari.

Mai saye ya je da ƙafarsa, ko ya aiki wanda ya san hatsi. A buɗe buhu biyu ko uku, ban da wanda dillali ya nuna. Wake mai warin magani, komai arharsa, a bar shi. Wayar ta tsaya kan tambayar farashi da kiran ɗan dako.