Hawan Jini da Abokan Tafiyarsa Biyu

Hawan jini cuta ce mai ɓoye kanta. Mutum yana iya yin shekaru da ita bai sani ba, sai ranar da ɓarin jikinsa ya shanye ko zuciya ta gaza. Likitoci suna kiransa hawan jini idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya zarce, a ranaku daban-daban. Akwai kuma abubuwa biyu cikin jini waɗanda ke ƙara wa mai wannan cuta haɗari.

Na farko shi ne kolestarol, wani irin maiƙo da hanta ke yi. Jiki na bukatarsa, amma idan ya yi yawa sai ya taru a jikin jijiyoyin jini, ya ƙuntata hanya. Ana so jimlarsa kada ta kai miligiram 200 cikin kowace desilita ta jini. Kitsen nama da man shanu da manja suna ƙara shi.

Na biyu shi ne homosistin, wanda jiki ke samarwa yayin sarrafa abinci mai gina jiki. Bitamin B6 da B12 da folik asid su ne ke rage shi. Idan suka yi ƙaranci, ko ƙoda ta raunana, sai ya hauhawa. A 1969 ne wani likitan Amurka, Kilmer McCully, ya danganta yawansa da lalacewar jijiyoyi. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa rage shi da ƙwayoyin bitamin bai hana ciwon zuciya ba. Sai dai a 2015 wani bincike a ƙasar Sin, kan masu hawan jini fiye da 20,000, ya gano cewa haɗa folik asid da maganin hawan jini ya rage shanyewar jiki da kashi 21 cikin ɗari.

Saboda haka jama'a su lura:

1. A riƙa zuwa asibiti ana awon jini.
2. Kada gishiri ya kai giram 5 a rana, a kuma rage dunƙulen miya.
3. A yawaita cin alayyafo da zogale da wake da kifi.
4. A bar shan taba, a riƙa motsa jiki.
5. Bitamin ba ya maye gurbin magani. Kada a daina shan magani sai da izinin likita.

Rigakafi ya fi magani.