Ɗalibi, Ina Rumfar Zaɓenka Take?

Kuskuren ɗalibai da yawa shi ne yin rajista a gida, ranar zaɓe ta riske su a makaranta. Ranar kuwa ana hana zirga-zirga, kuma ƙuri'a sai a rumfar da sunanka yake. A 2023 an rufe jami'o'i don ɗalibai su koma gida, amma kada ka dogara da hakan.

In ka cika shekara 18, yi rajista da wuri, don hukumar zaɓe ta INEC kan rufe ta watanni kafin zaɓe. Mai katin zaɓe kuma kada ya sake rajista, laifi ne. Ya je ofishin hukumar na ƙaramar hukuma ya nemi sauyin rumfa. Katin ma da kanka za ka karɓo, ba a aike.