Darasi: Jinyar Mai Amai Bayan Maganin Ciwon Daji

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu akwai masu zuwa manyan asibitoci, kamar na Shika ko na Jos, domin a ɗura musu maganin ciwon daji ta jijiya, wanda ake kira kemo. Sau da yawa akan koma bayan kowane mako 3. Mutum ya dawo gida sai tashin zuciya da amai, dangi su tsorata su hana shi komawa. Wannan kuskure ne babba, gama in an katse magani, ciwon yakan sake ƙarfi.

Me ke kawo aman?

Wajen noma, fartanya takan ƙwarzani gero. Haka maganin nan yake: yana kashe ƙwayoyin ciwon, amma yakan taɓa hanji, ya zuga wurin da ke ta da amai a ƙwaƙwalwa. Wani yakan fara a ranar, wani sai washegari, har ya kai kwana 5. Ba sammu ba ne, yakan wuce.

Abin da za mu yi

1. A ba shi maganin hana amai daidai yadda likita ya ce. Kada a jira sai aman ya fara.
2. A ba shi abinci kaɗan-kaɗan, sau 5 ko 6 a yini: koko, kunu, tuwo mai laushi. A bar shi ya huce tukuna.
3. A guji soye-soye da barkono. A nisanta shi da murhu, gama warin daddawa da hayaƙi sukan ta da zuciya.
4. Ya riƙa kurɓar ruwa. In ya yi amai, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin cokali cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce.
5. Kada a ba shi jiƙo ko sassaƙe sai an tambayi likita.

A kai shi asibiti nan da nan in ya wuni ya kwana ruwa bai zauna masa ba, ko fitsari ya ragu, ko an ga jini a aman, ko zazzaɓi ya kai 38.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wa zai kira gayya a gonar majinyaci?
2. Asusunmu zai iya biyan kuɗin motar komawa asibiti?
3. Yaya zumuntar mata za ta raba kwanakin jinya?

Mu rufe da addu'a domin marasa lafiya da masu jinyarsu.