Daga Kano Zuwa Jidda a Jirgin Sama

Yara, ku buɗe taswirar duniya ku nemi Kano. Tana cikin nahiyar Afirka. Sa'an nan ku bi da yatsa gabas, kuna ɗan karkata arewa, ku ratsa Cadi da Sudan har ku iske Bahar Maliya. A hayin tekun nan Jidda take, ƙofar Makka, ita kuwa cikin nahiyar Asiya.

Tsakanin biranen nan biyu, in an miƙe sak, kimanin kilomita 3,400 ne. Bari mu auna shi da abin da muka sani. Mutanen Dudunni da Kusada sun san hanyar motar da ta taso daga Kano, ta bi ta Kankiya, ta nufi Katsina. Tsawonta wajen kilomita 170 ne. Da za a jera irinta guda 20 baki da baki, to, ta ƙarshe ce za ta taɓa Jidda.

A zamanin da, kakanninmu da ƙafa suke yin tafiyan nan, ko bisa jaki da raƙumi. Sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, su shiga jirgin ruwa su ƙetare. In guzuri ya ƙare, sai su tsaya su yi noma ko ƙodago, su tara, su ci gaba. Wani yakan shekara bakwai bai komo ba, wani kuwa ya zauna Sudan har mutuwa. Saboda haka maniyyaci yakan yi sallama da danginsa kamar ba za a sake ganawa ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ma, da ya tafi haji a 1921, sai da ya zagaya ta Ikko da Ingila a jirgin ruwa.

A 1925 jiragen sama suka fara sauka a Kano. Yanzu babban jirgi yakan ci wajen kilomita 850 cikin sa'a guda. In kun raba 3,400 da 850, za ku sami sa'a 4. Amma tashi da sauka suna cin lokaci, kuma ba kullum ake samun miƙewa ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023, aka rufe samaniyarta, dole jirage suka riƙa zagayawa.

Ku lura, nisan bai ragu ko da taki ɗaya ba. Lokaci ne ya ragu. Hamada da duwatsun da alhaji ke hange ta taga, su ne waɗanda magabata suka taka da ƙafa.

Tambayoyi

1. A wace nahiya Jidda take?
2. Mutum yana tafiyar kilomita 25 kullum. Kwana nawa zai yi kafin ya cika 3,400?
3. Agogon Jidda yana gaba da namu da sa'a 2. Jirgi ya tashi Kano da ƙarfe 8 na safe, ya yi sa'a 5 a sama. Ƙarfe nawa zai sauka a agogon Jidda?